Alƙalamin Haya: Tarihin Manhajojin Zane Daga Sketchpad Zuwa Wayar Hannu

Kafin kwamfuta ta shigo sana'ar zane, shafi ɗaya na littafin labarin zane a Amurka sai ya bi ta hannu biyar ko shida kafin ya kai ga mai karatu. Wani ya zana da fensir, wani ya rubuta maganganun da ke fita daga bakin mutanen labarin, wani ya bi sawun fensirin da tawada. Mai launi ya karɓi kwafin shafin ya shafa masa ruwan launi, ya rubuta lambobi a gefe don a san irin ja ko shuɗin da yake nufi. Daga nan a tura wa masu rarrabe launi, galibinsu mata, da ke zaune a wani kamfani a jihar Connecticut suna cike kowane gurbi da hannu a kan leda mai shara-shara. Launi 64 kacal suke da shi, domin tawada uku ce, shuɗi da ja da rawaya, kowacce kuma mataki huɗu gare ta: ko babu ita sam, ko kashi 25, ko kashi 50, ko cikakkiya. Cikin wannan ƙunci aka ɗinka wa Superman da Spider-Man rigunansu shekara da shekaru.

Ni da buroshi na fara, a shagon wani mai rubuta allunan kantuna da zanen bayan manyan motoci, kafin in koma gaban kwamfuta ina tsara bangon littattafai da kalanda da katin biki. Abin da idona ya gani, kuma tarihin ya gaskata, shi ne manhaja ba ta taɓa koya wa kowa zane ba. Aikin da ta yi shi ne haɗiye sana'o'in da ke kewaye da mai zane ɗaya bayan ɗaya, ta tara su a hannun mutum guda. Da ya saba da ita har ba ya iya rabuwa, sai aka sanar da shi cewa kayan ba nasa ba ne, haya zai riƙa biya.

Abin bai faro daga ɗakin masu zane ba. A 1963 wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar da ya raɗa wa suna Sketchpad. Kwamfutar da ya yi aikin a kanta, TX-2, ta cika ɗaki guda, kuma da kuɗin sojan Amurka aka gina ta. Yakan ɗora bakin wani alƙalami mai gane haske a kan gilashin, ya ja, layi ya bayyana. In layin ya karkace ya umarci na'urar ta miƙe shi, ta miƙe. Injiniyoyi aka yi wa wannan tanadi. A 1973 Richard Shoup na cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya ya haɗa SuperPaint, wadda ta zo da launi da buroshi, amma shugabannin kamfanin ba su ga abin da za su yi da ita ba. A 1981 kamfanin Quantel na Ingila ya fito da Paintbox, wadda gidajen talabijin suka yi rububinta don taswirar hasashen yanayi da adon labarai. Kuɗinta ya kai kusan dala dubu 250, don haka mai zanen barkwanci a jarida sai dai ya ji labari.

Ƙofar ta buɗe wa sauran mutane a watan Janairun 1984, lokacin da Apple ya fito da Macintosh a kan dala 2,495, tare da wata manhaja mai suna MacPaint da Bill Atkinson ya rubuta. Gilashin inci tara ne, launi kuma baƙi da fari kawai. Hikimar tana gefen hagu, inda aka jera ƙananan alamu da Susan Kare ta taimaka wajen tsarawa: fensir, buroshi, bokitin fenti, gwangwanin feshi, kilina, da igiyar zarge da ake kewaye wani yanki da ita a ɗauke shi. Mai zane bai buƙaci ya san lissafi ba, kayan da ya sani ne aka zana masa. Sama da shekara arba'in ke nan, amma buɗe kowace manhajar zane a wayarka yau, za ka tarar da wannan bokitin yana nan.

Akwai kuma umarnin warwarewa, wanda ke mayar da aiki yadda yake kafin motsin ƙarshe. A MacPaint taku ɗaya kawai yake komawa, amma wanda ya yi aiki da fenti ya san girman wannan taku. A shagon allo, in harafi ya karkace sai a sake shafe wurin a jira ya bushe, rabin yini ya tafi. Mai tawada kuwa sai ya rufe da farin fenti ko ya yanko takarda ya liƙa. Shi ya sa maigidana yakan daɗe tsaye da buroshi a hannu yana kallon allo, ya gama jan layin a zuciyarsa kafin hannu ya motsa. Yaran da ke koyo a wurina yanzu sukan ja layi sau goma su warware sau tara. Sun fi mu ƙarfin halin gwada sabon abu, mu kuma mun fi su sanin inda layi zai ƙare tun kafin a fara shi. Wannan ɗan umarni ya sauya halin masu zane fiye da duk wani buroshi da aka ƙirƙiro daga baya.

Ba a jima ba wani ya gwada ta a kasuwa. A 1985 kamfanin First Comics ya buga Shatter, labarin da Peter Gillis ya rubuta, Mike Saenz ya zana a kan Macintosh da linzamin kwamfuta. Shi ake lasaftawa a matsayin littafin labarin zane na farko da aka zana a kwamfuta aka sayar. An fitar da shafukan ta injin buga takarda mai allura, sannan aka sa launi ta tsohuwar hanya. Duk wani layi da ya lanƙwasa a cikinsa yana da haƙora, domin hoton MacPaint tarin ɗigo ne, kamar ɗinkin hula da daga nesa za ka ga fure, in ka matso sai ka ga zare ne aka soka gida-gida. Ƙara wa irin wannan hoto girma, sai gidajen su bayyana.

Maganin haƙoran daga masana'antar mota ya fito. A Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault, kowanne a nasa ɓangaren, sun gano yadda za a bayyana lanƙwasar jikin mota da lissafi: a kafa ɗigo biyu a farko da ƙarshe, a sa wasu biyu su riƙa jan layin zuwa inda ake so. Citroën ya ɓoye nasa binciken, shi ya sa sunan Bézier ne ya bi duniya. John Warnock da Charles Geschke, da suka kafa Adobe a 1982, sun ɗora Illustrator a kan wannan dabara a 1987. Kwamfuta ba ta ajiye ɗigo, umarnin jan layin take ajiyewa, saboda haka tambarin da aka zana don hatimi za a iya buɗa shi ya rufe bangon bene bai fashe ba. Sabon abu ne ƙwarai a lokacin, har sai da aka haɗa kwalin da kaset ɗin bidiyo, Warnock da kansa yana nuna yadda ake jan layin.

Mu dai ba ta Illustrator abin ya iso mana ba. A 1989 kamfanin Corel da ke Ottawa a Kanada ya fito da CorelDRAW, wadda ke aiki a kan Windows, wato a kan kwamfutoci masu sauƙin kuɗi irin waɗanda daga baya suka cika shagunanmu. Har gobe in ka shiga wurin masu ɗab'i a Kano ko Kaduna ko Shomolu ta Legas da aikinka, tambayar farko ita ce, "A Corel yake?" A cikinta muke tsara shafi, mu rarraba launi huɗu, mu juya rubutun ya koma baibai, mu fitar a takarda mai shara-shara, a kai a gasa faranti, a ɗaura wa injin Kord. Ta zo da ɗaruruwan salon haruffa da faifai cike da hotunan da aka riga aka zana, har da wani littafi mai kauri da ake buɗawa a zaɓi hoto. Ranar da na fara ganin wannan littafi na san kasuwar masu rubutun allo ta kusa tashi. Da injinan buga kyallen talla, wato bana, suka zo, sai ta tashi ɗin. Bangon littattafan Hausa da a da ake kai wa mai zane ya zauna ya zana budurwa da saurayi da hannunsa, ya koma hoton da aka yanko aka ɗora a kan fure. Aikin ya yi sauri ya yi araha, ya kuma zama kusan iri ɗaya daga wannan shago zuwa wancan.

A can ƙetare ma haɗiyar ce ke gudana. A 1988 Steve Oliff ya sa wa fassarar Ingilishi ta Akira, labarin Katsuhiro Otomo na Japan, launi da kwamfuta, masu karatu suka ga hayaƙi da hasken fitila suna narkewa cikin juna yadda launi 64 ba zai iya ba. Cikin 'yan shekaru aikin matan nan masu rarrabe launi ya ƙare. Kamfanin Disney ya haɗa kai da Pixar suka gina tsarin CAPS, kuma The Rescuers Down Under na 1990 ya zama fim ɗinsu na farko da ba a shafa fenti a kan leda ba ko ɗaya. A 1992 Richard Starkings ya kafa Comicraft, ya mayar da rubutun hannun masu rubuta maganganu salon haruffan da ake bugawa da madannai. Ita kuwa Photoshop, wadda Thomas Knoll ya fara rubutawa yana ɗalibi a Jami'ar Michigan, ɗan'uwansa John ya ga kasuwa a cikinta, ta fito a Fabrairun 1990 don gyaran hoto. Masu zane suka karɓe ta da gaske bayan 1994, lokacin da aka ƙara mata tsarin hawa-hawa: zanen fensir a hawa ɗaya, tawada a sama, launi a ƙasa, kowanne a taɓa shi ba tare da an ɓata ɗan'uwansa ba. Mutum biyar ɗin nan na dā sun koma hawa biyar a cikin fayil ɗin mutum ɗaya.

Saura hannu. Zane da linzami wahala ne, domin bai san bambancin dannawa da shafawa ba, alhali ran layi yana cikin yadda yake kauri a nan ya sirance a can. Kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, shi ya warware wannan da alƙalami marar waya marar batir, wanda ke samun wutarsa daga allon da ake rubutu a kai, yana kuma jin nauyin hannu. A 2001 suka fito da Cintiq, inda ake zane a kan gilashin kai tsaye. Manhajar Painter ta 1991, wadda aka riƙa sayarwa cikin gwangwanin fenti na gaske, ta koyi yadda alli ke kama ƙurajen takarda da yadda ruwan launi ke malala. A Japan ɗin dai, masu labarin zane, wato manga, sun daɗe suna ajiye mataimaka da ke yanka leda mai ɗigo-ɗigo da wuƙa suna liƙawa don yin inuwa. Kamfanin Celsys ya zuba wannan aiki cikin ComicStudio a 2001, wadda Clip Studio Paint ta gada a 2012. Da kamfanonin Sin irin su Huion da XP-Pen suka karya farashin allunan zane, sai ɗalibi ma ya iya tara kuɗi ya saya.

Zuwa wannan lokaci mai zane ya zama maɗaba'a shi kaɗai. Sai ga watan Mayun 2013, Adobe ya sanar da cewa ya daina sayar da sababbin manhajojinsa saye na har abada. Duk mai so sai ya riƙa biya wata-wata. Buroshin da na saya a kasuwa nawa ne har ya tsiyaye. Manhajar haya kuwa, ranar da ka kasa biya, ƙofar shagonka ce aka rufe da aikinka a ciki. Abubuwa biyu sun nuna inda hakan ke kaiwa. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar da masu amfani da shi a Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai da aka samu izini na musamman kafin wa'adin ya cika aka fasa. A ƙarshen 2022 kuma, bayan yarjejeniyar Adobe da kamfanin launuka na Pantone ta sauya, masu zane suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar wasu launuka sun koma baƙi, sai an biya wani kuɗin dabam. Ga wanda ke samun naira, lissafin ya fi ɗaci: dalar da take wajen naira 160 a 2013 ta haura naira 1,500 a 2024, ga shi an yi shekarun da katin naira ba ya biyan kuɗi a waje. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin shagunanmu da kwafin bayan fage suka tashi. Ban ce daidai ba ne, amma sana'ar da ta dogara da kayan da ba ta iya saya ba ta kuma iya gyarawa, a tsaye take da ƙafa ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun kafin wannan, wasu sun bi wata hanyar. Ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, sun fara GIMP a 1995 suka sake ta kyauta tare da asirin rubutunta, kowa ya duba ya gyara. A 2002 jama'a suka yi karo-karon yuro dubu 100 cikin mako bakwai suka fanshi manhajar Blender daga hannun masu hannun jari, aka sake ta ga kowa. An daɗe ana yi mata kallon kayan wasan yara, har zuwa 2025 da fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda da ita aka yi shi, ya ci kyautar Oscar. Krita, wadda masu gina ta suka karkatar da ita kacokan ga masu zane, da ita Bafaranshen nan David Revoy yake zana labarinsa Pepper&Carrot tun 2014, ya kuma ba kowa izinin fassarawa da sake bugawa. Waɗannan manhajoji suna da nasu gurguntakar, musamman wajen shirya aiki don maɗaba'a, amma babu mai rufe maka su daga wata ƙasa.

Sai waya ta shigo. A watan Yunin 2009 mujallar The New Yorker ta fito da bangon da Jorge Colombo ya zana da yatsa a kan iPhone. Procreate ta fito a 2011 daga Hobart, can tsibirin Tasmania na Ostareliya, kuma har yanzu sau ɗaya ake biyan kuɗinta, sai dai a kan kayan Apple kawai take aiki. A 2011 ɗin ce ibisPaint ta fito daga Japan, kuma ita da irinsu PixelLab da FlipaClip su ne makarantar yaranmu a yau, a kan wayar Android mai fasasshen gilashi. Wurin baje kolin ma ya sauya. Akinola Lasekan, da ya riƙa caccakar mulkin mallaka da zanensa a jaridar West African Pilot tun shekarun 1940, sai an sayi jarida ake ganin aikinsa. Zanen Mustapha Bulama na Daily Trust ko na Mike Asukwo kuwa, kafin ɗan jarida ya kwance ƙunshinsa da safe ya riga ya zaga WhatsApp. Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 ma ta intanet ya fara sakin jarumansa kyauta, bai jira maɗaba'a ba.

Daga 2022, da fitowar DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion, haɗiyar ta iso kan mai zanen kansa. Waɗannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira an horar da su ne da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet, ciki har da ayyukan masu zanen da ba a nemi izininsu ba. A Janairun 2023 mai zanen barkwanci Sarah Andersen da wasu masu zane biyu suka kai ƙara kotu a Amurka kan haka. A Agustan 2024 masu Procreate suka fito fili suka ce ba za su sa irin wannan a manhajarsu ba. Ni ban firgita kamar wasu abokan aikina ba. Na ga yadda take zana mana babbar riga da rawani, na kuma san cewa abin da ke sa mutum ya kalli zanen barkwanci ya yi dariya har da ƙwalla shi ne mai zanen ya san abin da ake faɗa a layin mai da majalisar mai shayi. Amma ƙananan ayyukan da yaro ke ci da su yana koyo, bangon littafi da fostar makaranta, su ne za su fara tafiya, kuma wanda bai yi ƙaramin aiki ba ban san ta inda zai kai ga babba ba.

Cikin duk wannan tarihi babu manhaja ɗaya da aka gina da mu a zuciya, kuma shaidar tana bayyana duk lokacin da aka zo sa magana a bakin mutumin zane. Yawancin salon haruffan da aka yi don labarin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka buga, wurin ya fito da ɗan akwati ko harafin wani salo dabam. Shi ya sa za ka ga ɗan'uwa ya mayar da rubutu zane, yana jan ƙugiya da hannu a kan kowane harafi, ko ya haƙura ya bar su babu, mai karatu ya yi ta canka. Haruffan nan suna cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990, kuma akwai manhajojin ƙera haruffa na kyauta irin su FontForge. Abin da ya rage shi ne mutumin da hannunsa ya faɗa a rubutu, irin tsofaffin masu rubutun allon nan da bana ta raba da abincinsu, ya zauna da yaro mai kwamfuta su fitar da salon haruffa na Hausa cikakke, da ƙugiyoyinsa, su sake shi kowa ya ɗauka. Ba mu da kuɗin gina Photoshop, amma wannan bai fi ƙarfinmu ba. Tsofaffin da suka iya kuma ba su da yawa, kullum raguwa suke yi.